Babi na Biyar: Ina Rubutun Malamin Asibiti Yake Zuwa?

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa asibitin karkara ya san abin da ake fara yi. Yaro na kuka, jikinsa rau da zazzaɓi, malamin asibiti kuwa ya jawo wani shirgegen littafi ya shiga jero tambayoyi. Yaya sunansa? Shekararsa nawa? Daga wane gari kuke? Yaushe ciwon ya fara? An yi masa rigakafi? Iyaye da yawa kan tambayi kansu, wai shin wannan rubutu na mene ne, kuma wa yake karanta shi? Wata tambayar mai kama da ita takan taso idan aka ji a rediyo cewa sanƙarau ya kama mutum kaza a Jihar Katsina. Wa ya ƙirga su, kuma yaya aka yi labarin ƙauyen da ko mota ba ta shiga da damina ya isa Abuja?

Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Za mu bi sawun wannan rubutu daga ƙananan hukumomi biyu masu maƙwabtaka a tsakiyar jihar, Kankiya da Kusada, mu ga hannuwan da yake bi da wuraren da yake maƙalewa.

Daga rajista ake farawa

Kowane asibitin gwamnati, daga sha-ka-tafi na ƙauye har Babban Asibitin Kankiya, yana da littattafan rajista iri-iri. Akwai na marasa lafiyar da aka duba suka koma gida, akwai na awon ciki, na haihuwa, na rigakafin yara. Layi ɗaya mutum ɗaya. Mafi yawan masu cika waɗannan littattafai ba likitoci ba ne, ma'aikatan lafiyar al'umma ne, irin waɗanda ake horarwa a Makarantar Fasahar Lafiya da ke nan Kankiya, wadda ɗalibanta suka bazu a asibitocin karkarar jihar.

Ba a bar wa kowane ma'aikaci ya sa wa ciwo sunan da ya ga dama ba. An ba su siffofin kowace cutar da ake sa wa ido, a taƙaice, yadda za a gane ta ko babu na'urar gwaji. Zazzaɓi da ƙuraje a jiki, tare da tari ko mura ko jan ido, a rubuta ana zargin ƙyanda, wato baƙon dauro. Zazzaɓin da ya zo farat ɗaya tare da sanƙarewar wuya, ko jariri mai zazzaɓi da maɗigarsa ta kumbura, ana zargin sanƙarau. Gudawa kamar ruwa wadda ta zuƙe babban mutum cikin sa'o'i, ana zargin kwalara. Amfanin haka shi ne abin da aka kira ƙyanda a Rimaye shi ne aka kira ƙyanda a Mawashi, har ma a Maraɗi, don haka idan aka haɗa lissafi ya haɗu.

Cututtukan ma ba gudu ɗaya ake yi da labarinsu ba. Wasu, irin su kwalara, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo, shawara da zazzaɓin Lassa, ko mutum ɗaya aka zarga sai an sanar cikin sa'a 24. Sannan a ƙarshen kowane mako a tattara adadinsu a tura. Sauran, kamar zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da tamowa, lissafinsu na wata ne.

Mutum ɗaya da babur

Wa ake sanarwa? A sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya akwai jami'i guda da aikinsa ke nan, sa ido kan cututtuka da kai rahotonsu. Ma'aikatan lafiya suna kiransa DSNO. Kankiya na da nata, Kusada na da nata, haka duk ƙananan hukumomi 34 na jihar da 774 na ƙasar. An kafa tsarin kai rahoton cututtuka na ƙasa a 1988, bayan annobar shawara ta 1986 da 1987 ta yi ɓarna mai yawa kafin hukumomi su farga. A 1998 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito da tsarin da ya haɗe sa ido kan cututtuka wuri guda, maimakon kowace cuta da nata ma'aikata da nata takardu, Nijeriya kuma ta shiga wannan tsari a 2001.

A ce wata safiya cikin bazara an kawo yarinya 'yar shekara bakwai wani asibiti a gundumar Sukuntuni, wuyanta a sanƙare. Mai kula da asibitin zai fara ba ta magani, sannan ya buga wa jami'in waya. Shi kuma ya hau babur ya zo ya ganta da idonsa, ya cika fom ɗinta, ya sa a ɗebi ruwan ƙashin bayanta don gwaji, ya shiga garinsu ya tambaya ko akwai wasu masu irin wannan ciwo a gidan, a maƙwabta, a makarantar allo. Daga nan labari ya wuce wurin babban jami'in annoba na jiha a Ma'aikatar Lafiya da ke Katsina, daga can zuwa Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, a Abuja. An kafa wannan cibiya a 2011, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya sa hannu a dokarta a 2018. Babban ɗakin gwaje-gwajenta yana Gaduwa, a Abuja.

A da takarda ce ke wannan tafiya a motar haya. Yanzu jami'in yana shigar da bayanin a wata manhaja mai suna SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, aka kuma faɗaɗa ta zuwa ko'ina a ƙasar lokacin korona. Da zarar ya tura, Katsina da Abuja za su gani a lokaci guda. Sai dai manhaja ba ta zuwa ƙauye. Babur ne ke zuwa, babur kuwa sai da mai.

Yaushe ciwo ke zama annoba?

Manomi ba ya tada hankalinsa don ya ga fara biyu ko uku a gonar gero, domin ya san kowace shekara ana ganin haka. Ranar da ya ga sun ninka abin da ya saba gani, ranar zai nemi magani ya kuma gaya wa maƙwabcin gonarsa. Abin da ya ba shi wannan sani shi ne ya daɗe yana duba gonar. Haka lissafin mako-mako yake: sai an san yadda ciwo ya saba zuwa a gari kafin a gane ya wuce ƙa'ida.

Ga sanƙarau an yanka iyaka da alƙaluma. A yankin da ke da mutum 100,000, idan aka samu mutum 3 da ake zargi cikin mako guda, an shiga matakin gargaɗi: a bincika, a yi gwaji, a tanadi magani. Idan suka kai 10 cikin mako guda, annoba ce, sai a nemi allurar rigakafi a yi wa jama'ar yankin. A ƙidayar 2006 mutanen Kusada sun kusa 100,000, na Kankiya kuma sun ɗan haura 150,000. Bisa wannan lissafi, mutum 10 a mako sun isa a ce annoba a Kusada, a Kankiya kuma sai wajen 15. Saboda kada cutar da ta taru a gunduma ɗaya ta ɓace cikin yawan jama'ar ƙaramar hukuma, akan raba manyan yankuna gida-gida a duba kowanne daban.

Mai karatu zai lura da wata matsala a nan. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. Yaran da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau wasunsu sun yi aure. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar tsohon adadi ne su ɗora masa ƙiyasin ƙaruwa na kowace shekara, ƙiyasi kuwa ba ya sanin garin da mutane suka gudo suka cika shi saboda 'yan bindiga, ko wanda ya watse. Shi ya sa wani lokaci rahoto kan nuna an yi wa yara fiye da 100 cikin 100 rigakafi a wata gunduma, alhali ga yara nan a gari ba a yi musu ba.

Abin da jinkiri ke jawowa kuwa Arewa ta ɗanɗana. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a ƙasar a 2011 ta karya lagon nau'in da ya yi waccan ɓarna, wato nau'in A. Sai ga nau'in C ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016. An shafe makonni da dama mutane na mutuwa kafin labari ya isa inda ya kamata, cutar ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, kafin damina ta sauka a 2017 ta kashe fiye da mutum 1,000. Tsohuwar allurar ba ta tare wannan nau'i, kuma ba yadda za a san haka sai an ɗebi samfur an gwada. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar a haɗe.

Rahoton "babu"

Ko asibiti bai ga mai ƙyanda ko ɗaya ba a mako, dole ya aika rahoto ya rubuta sifili. Shiru ba ya nufin lafiya. Yana iya nufin ma'aikaci bai zo ba, ko fom ya ƙare, ko an rufe asibitin.

Masu yaƙi da shan inna sun kai wannan tunani matuƙa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, sai a ɗebi bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla kwana guda, cikin kwana 14 da farawar ciwon, a sa a akwatin sanyi a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. An san akwai wasu cututtukan da ke shanye gaɓar yaro ko babu shan inna, don haka ake sa ran cikin yara 100,000 a samu aƙalla 2 a shekara masu irin wannan larura. Ƙaramar hukumar da ta shekara ba ta kawo ko ɗaya ba, ba a yaba mata, tambayarta ake yi ko tana nema kuwa. Da irin wannan bin diddigi aka iya tabbatar da cewa tun bayan masu cutar da aka gano a Borno a 2016 ba a sake ganin ƙwayar shan inna ta asali a Nijeriya ba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020. Har yau ana ci gaba da wannan nema a Katsina, saboda akwai sauran wani nau'in ƙwayar da ke yawo a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Waɗanda ba su zo asibiti ba

A ganina nan ne gizo yake saƙar. Duk abin da muka bayyana ya dogara ne a kan mara lafiya ya zo asibiti, a ƙasar Hausa kuwa asibiti ba shi ne zangon farko ba. Yaro ya yi zazzaɓi, a aika kemis a sayo magani. Ƙafa ta shanye, a kai wurin mai ɗori ko mai maganin gargajiya, tunda sunan ciwon ma yana nuna inda mutane suka ɗora alhakinsa. Baƙon dauro ya shigo gida, tsofaffi su ce a ɓoye yaro a ɗaki kada iska ta taɓa shi. Mata da yawa a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma. Kafin mutum ɗaya ya shiga rajista, wataƙila da dama sun kwanta a gida, wasu sun warke, wasu an kai su makwanci.

Saboda haka jami'in da ya san aikinsa ba ya zama jiran waya. Yana da jerin mutanen da yake zagayawa wurinsu: masu kemis, wanzamai, masu ɗori, ungozomomi, limamai, malaman makaranta. Ba a ce su gano cuta ba. An ce idan suka ga yaron da gaɓarsa ta saki, ko gida guda mutum uku na amai da gudawa, ko mace-macen da ba a saba gani ba, su faɗa. Sama da su akwai sarautar gargajiya, wadda ta fi kowace ma'aikata sanin gida-gida. Mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa domin da shi ake raɗin suna, ya san gidan da aka yi rasuwa domin da shi ake jana'iza. Daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai fadar Sarkin Katsina. Bayan ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin sosai kafin al'amari ya miƙe.

Tarihi ya nuna kunnen mutanen gari ya sha riga takarda jin labari. A ƙarshen 1966, wani likita ɗan Amurka mai suna William Foege yana aiki a gabashin Nijeriya, allurar agana ta yi masa ƙaranci. Sai ya nemi a riƙa kawo masa labarin ƙauyukan da cutar ta ɓulla, ya riƙa yi wa mutanen da ke kewaye da masu ciwon allura kawai. Cutar ta tsaya. Da wannan dabara aka ƙarasa agana a duniya, aka sanar da ƙarewarta a 1980. Kurkunu ma haka. A 1988 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya, ƙauye-ƙauye, daga baya kuma mutanen ƙauyukan da kansu suka riƙa riƙe littafin lissafi. Da ta yi ƙaranci har lada aka sa ga duk wanda ya kawo labarin mai ita. A 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu. Dattawan da suka yi noma da ita a ƙafa suna nan da ransu, jikokinsu kuwa sai dai su ji a baki.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga maƙwabta. A 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen neman sanƙarau a Zamfara suka tarar da ƙauyuka a Anka da Bukkuyum inda ƙananan yara ke suma suna mutuwa. Ba sanƙarau ba ne, gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Iyayensu sun san ana mutuwa, masu haƙa kabari sun sani, amma babu wata rajista da ta nuna. A Kano ma, a watan Afrilu 2020, masu aikin maƙabarta ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda aka saba, sai daga baya hukuma ta bi gidaje tana tambayar iyalai yadda mamatansu suka yi jinya. Muna binne mamaci da wuri kamar yadda addini ya koyar, kuma kaɗan ne ke zuwa a yi wa mutuwa rajista a Hukumar Ƙidaya. Ba abin da zai hana liman ko mai unguwa riƙe ɗan littafi ya rubuta suna da shekaru da irin ciwon da aka yi. Kuɗin wannan littafi bai taka kara ya karya ba, kuma da akwai irinsa a waɗancan ƙauyuka na Zamfara, ina ganin da an farga tun kafin ƙananan kaburbura su yi yawa haka.

Me ke sa mutane yin shiru? Wani kunya yake ji a ce kwalara ta shiga gidansa. Wani tsoron a killace shi yake yi ana tsakiyar aikin gona. Wani kuma ya taɓa faɗa, aka zo aka cika fom aka ɗebi jini aka tafi, bai sake jin ɗuriyar kowa ba. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin laifin ba nasa ba ne. Uban da aka ɗebi samfurin ɗansa yana da haƙƙin a dawo a gaya masa abin da aka gani.

Lissafin yau da kullum

Annoba ce ke shiga labarai, amma mafi yawan rubutun asibiti na abubuwan yau da gobe ne. A ƙarshen wata kowane asibiti yakan tattara rajistocinsa cikin fom guda: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a asibiti, yara nawa suka karɓi allurar farko, nawa suka dawo ta uku, nawa aka auna damtsensu da ɗan tsiri mai launi ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar da su a manhajar DHIS2. Da waɗannan alƙaluma ake yanke yawan allurar da za a aiko, da gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina.

Tazarar da ke tsakanin allurar farko da ta uku kaɗai ta isa ta ba da labarin gari. Idan yara 100 suka fara, 60 suka ƙarasa, iyaye ba ƙin rigakafi suke yi ba, tunda sun zo da farko. Wani abu ne ya hana su dawowa: nisa, ko sun zo sun tarar babu allura, ko ba a gaya musu ranar dawowa ba. Irin waɗannan yara ne mashaƙo ya fi kamawa da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya kuma shigo Katsina.

Haɗarin da ke nan shi ne ma'aikaci ɗaya ko biyu ne a asibiti, ga marasa lafiya, ga littattafai tuli, ga na sama suna son ganin adadi mai kyau. Idan yabo ya zama na wanda lissafinsa ya yi kyau ne, tsawa kuma ta wanda ya kawo labarin ɓarkewar cuta, to an koya wa mutane gyara alƙaluma. Shugaban ƙaramar hukumar da jami'insa ya zo masa da labarin kwalara tun tana kan mutum biyu ya kamata ya gode masa, ya ba shi mai ya koma. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa. Masana sun sa wa hukumomi ma'auni mai sauƙin tunawa, 7-1-7: a gano ɓarkewar cuta cikin kwana 7, a kai rahoto cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Kwana bakwai na farko ba a hannun Abuja suke ba. Suna hannun uwar da ta ga ɗanta ya canza, da mai kemis ɗin da ya sayar da maganin gudawa sau goma kafin azahar.

To, a ce komai ya tafi daidai. Labarin yarinyar Sukuntuni ya isa cikin kwana guda, gwaji ya nuna nau'in ƙwayar, adadi ya tsallake iyaka, an amince a yi wa jama'a rigakafi. Allurar kuwa ba ta jure zafi, ga shi ana tsakiyar watan Afrilu, ga wutar lantarki ba tabbas. Yadda ake ɗauko ta daga ma'ajiyar sanyi a Katsina har ta isa damtsen yaro a Kafin Soli ko Yashe ba ta lalace ba, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba.